Kangon da na shiga a Birnin Damagaram

Daga Kano muka bi ta Daura, muka tsallaka iyaka a Kongolam, muka ratsa Matamaye, da la'asar sakaliya muka shiga Damagaram. Ƙarshen damina ne, manyan duwatsun garin sun wanku tas. Da gari ya waye na hau kabu-kabu zuwa Birni, tsohuwar unguwar da fadar Sarkin Damagaram take.

Garin nan ya ga jiya. Shi ne hedikwatar Nijar kafin Faransawa su koma Yamai a 1926, kuma a nan aka kashe wani hafsan sojan Faransa, Kyaftin Kazmaju, a 1898, zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga. Amma abin da aka fara nuna mini shi ne gurbin tsohon masallacin ƙasa na wajen 1850, wanda ruwan sama ya rusa a watan Satumban 2024. Wannan fa ginin da ake shiga ana fita ne, idon jama'a na kansa.

A wani lungu yara suka yanyame ni. "Malam, zo ka ga gidan aljanu!" Wani ya ce attajiri ne ya binne tukunyar zinariya a ciki, wani ya ce da dare ana jin amarya tana daka. Suna faɗa suna rige-rigen shiga zauren, babu mai tsoro ko ɗaya. Abin da ya tayar mini da hankali ke nan. Da, irin wannan labari nesanta yaro yake yi da kango. Yanzu shi ke jawo shi, har samari na zuwa da wayoyi su ɗauki bidiyo su sa a TikTok.

Na leƙa ciki. Warin kashin jemage ya cika soron. Na danna azarar da ke bakin ƙofa da ɗan yatsa, sai ta zube gari, gara ta cinye cikinta ta bar ɓawo. Indararo ya faɗi, ruwan damina ya yi ta bin bango har ya tsaga shi daga sama zuwa ƙasa, tsagar da hannuna zai shige. A tsakar gida ciyawa ta kai gwiwa, kuma a cikinta akwai tsohuwar rijiya da aka rufe da ruɓaɓɓen zana. Wani ɗan yaro ya tsallake ta a guje, gabana ya faɗi.

Wani dattijo maƙwabci, tsohon magini, ya daka musu tsawa suka watse. Na gaishe shi na ce, "Baba, gidan wa ne?"

"Ɗana, gidan gado ne. Magada suna Yamai, suna Agadas, suna Kano, an kasa rabawa, an kasa yaɓe. Ginin ƙasa kuwa in ya sha damina babu yaɓe, ruwa ya shiga rufi, nauyi ya ƙaru, azara ta gaji. Ba ya sallama in zai faɗo." Ya ce macizai da kunamu ma sun samu wurin zama, kuma bangon yana jingine da ɗakin da jikokinsa ke kwana.

Ya kai ƙara wurin mai unguwa, an aika wa magadan, shiru. Kafin in wuce unguwar Zongo na taya shi jawo ƙaya muka jibge a bakin rijiyar da ƙofar zauren. Ya ce gobe da safe zai sake zuwa ya duba, don yaran janye ta suke yi.