Agogo ya ce 164, jijiya ta ce 120

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina da shago a PZ, cikin Zariya. Da gyaran waya na fara, canjin sikirin da bakin caji da batir, sannan a hankali na shiga sayar da kayan waya. Agogon zamani, wanda ke haɗuwa da waya yana ƙirga taku yana nuna bugun zuciya, bai fi shekara biyar da zama kaya mai tafiya a wurina ba. Da farko ɗaliban Samaru da na Kongo ne ke saye don kwalliya. Yanzu kuwa yawancin masu zuwa nemansa mutane ne da likita ya ce su riƙa motsa jiki, masu hawan jini da masu ciwon suga, sai samari masu shirin shiga aikin soja, sai masu ɗaga ƙarfe. Lambar nan da ke fitowa kusa da hoton zuciya ita suke biya wa kuɗi, kuma ita ce ta fi jawo min magana a sana'ar nan.

Hunturun bara wani dattijo, malamin makaranta mai ritaya da ke zaune a Hanwa, ya dawo min da agogon da ɗansa ya saya masa a wurina. Ya ajiye shi a kan kanta a cikin kwalinsa, ya ce, "Ɗana, ko dai agogonka ba shi da lafiya, ko ni ne ba ni da ita. Kwana uku ban fita gudu ba saboda shi."

Na ce, "Baba, zauna tukuna. Me ya nuna maka?"

Ya ce yana 'yar sassarfarsa ta bayan asuba, wadda ko haki ba ta sa shi, ya duba ya ga 164. Shekararsa 62. Ɗansa ya taɓa gaya masa lissafin nan na a cire shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne iyakar bugun zuciyarsa. Ya lissafa ya samu 158. Ke nan a ganinsa ya wuce iyaka, da irin gudun da jikansa zai bi shi yana hira. Ya je asibiti aka auna shi, aka ce babu wani abu sabo, ya ci gaba da maganinsa. Amma tsoron ya riga ya shiga.

Na iya karɓar agogon in ba shi wani, a wuce wurin. Ban yi haka ba, don na san na biyun ma abin da zai yi ke nan. Na ce mu haɗu washegari bayan sallar asuba, gani ya kori ji. Na same shi da rigar sanyi da hular sanyi, agogon yana lilo a kan ƙashin tsintsiyar hannunsa, yatsa biyu za su shige ƙarƙashin madaurin. Muka fara gudu. Ba a yi minti shida ba lambar ta yi tsalle daga 118 ta koma 164 ta tsaya cak. Na ce ya ci gaba, ni kuma na ƙirga takunsa na daƙiƙa 15 da agogon wayata: taku 41. A ninka sau huɗu, 164. Sai na tsayar da shi, na ɗora yatsu biyu a jijiyar hannunsa, na ƙirga 30 a daƙiƙa 15, wato 120 a minti. Takun ƙafarsa agogon yake ƙirgawa, ya saki zuciyar.

Duk wanda ya juya bayan agogon nan zai ga wata 'yar fitila kore tana walƙiya. Jini ja ne, yana shanye koren haske. Duk lokacin da zuciya ta buga, jinin da ke cikin ƙananan jijiyoyin fata yakan ƙaru, sai hasken da ke dawowa ya ragu kaɗan. Tsakanin bugu da bugu kuma ya ƙaru. Kusa da fitilar akwai wani ɗan ido mai karɓar hasken da ya dawo, shi muke kira sensa. Daga wannan hawa da sauka ne agogon ke lissafo lambar. Canjin hasken ƙanƙane ne ƙwarai. In mutum yana zaune shiru, babu abin da ke gogayya da shi, shi ya sa yawancin agogon kirki ba sa kuskure sosai a lokacin hutu ko barci. Amma da an fara gudu, kowane taku yana girgiza agogon, hasken waje yana kutsawa ta gefe, jinin hannun ma yana karkaɗawa da lilon hannu. Girgizar taku tana zuwa a jere kamar bugun zuciya, kuma ta fi ƙarfi, sai manhajar agogon ta kama ta. Abin da ya ƙara rikita al'amarin shi ne takun mai gudu yakan faɗa tsakanin 150 zuwa 180 a minti, daidai inda bugun zuciyar mai gudu ma kan iya kaiwa.

Sanyin Zariya na Disamba da Janairu yana da nasa hannun a ciki. In jiki ya ji sanyi, jijiyoyin fata sukan tsuke, jinin da ke zuwa tsintsiyar hannu ya ragu, sensa ta rasa abin karantawa. Ga man shafawa da muke laftawa saboda kaushi, yana haɗuwa da ƙura ya yi dauɗa a kan gilashin sensa. Akwai kuma wani abu da ban taɓa ganin an rubuta a takardar cikin kwali ba: alwala. Mutum zai cire agogo ko ya tura shi sama sau biyar a yini, saboda haka yakan bar madaurin sako-sako don sauƙi. Da wannan sakin yake fita gudu.

Na matsar wa Baba da agogon sama da ƙashin da kamar faɗin yatsa biyu, na ƙara matse madaurin da rami ɗaya, na goge bayan da gefen rigata, na ce mu yi tafiya ta minti goma jiki ya ɗumama kafin gudu. Daga nan lambar ba ta wuce 125 ba. Ya dube ni ya ce, "To me ya hana ka gaya wa yaron nan haka ranar da ya saya?" Ba ni da amsa, don gaskiyarsa ce. Tun daga lokacin na canza yadda nake sayarwa.

Lambar da ta hau sama ba ita ta fi damuna ba, don ita tsoro kawai take sa mutum ya tsaya. Wadda ke nuna ƙasa alhali zuciya tana sama ita ce mai haɗari. Agogon hannu yana da jinkiri: in mutum ya zabura da gudu na daƙiƙa talatin, kamar yadda 'yan ƙwallo ke yi, kafin lambar ta kamo shi ya riga ya tsaya. Masu ɗaga ƙarfe kuma in sun damƙe ƙarfen, naman hannu yakan ɗaure, tsintsiyar hannu ta lanƙwashe, sai agogon ya nuna 95 mutum kuwa yana jin zuciyarsa har a kunne. Haka masu keke a hanya mai gargada, haka 'yan folo da sanda a hannu. Wani saurayi daga Tudun Wada ya taɓa ce min yana ƙara nauyi ne saboda agogo ya ce har yanzu bai fara aiki ba. Na ce, "Ƙanina, in kana haki har ba ka iya haɗa magana, ko ka ji jiri, ko ƙirji ya riƙe, ajiye ƙarfen, kome agogo ya ce."

Ɗalibai sukan tambaye ni ko baƙar fata tana hana shi aiki. Tambaya ce mai tushe, domin sinadarin da ke sa fata duhu shi ma yana shanye koren haske. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada agogo iri bakwai a jikin mutum 60. Shida daga ciki kuskurensu a bugun zuciya bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, amma sun lura kuskuren ya fi yawa ga masu duhun fata da masu ƙiba. A 2020 kuma wasu a Jami'ar Duke suka gwada mutum 53 masu launin fata daban-daban, ba su ga bambanci mai ƙarfi ta fuskar launi ba, sai dai sun ga kuskuren lokacin motsi ya ɗara na lokacin hutu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Wasu masana sun ce mutanen da aka gwada sun yi kaɗan a yanke hukunci. Ni abin da nake ɗauka a nan shi ne, mu da kusan duk kwastomominmu masu duhun fata ne, ba mu da rarar da za mu yi sakaci da ɗaurin madauri. Mata masu baƙin lalle har tsintsiyar hannu kuwa, nakan ce su ɗaura shi inda zanen bai kai ba, tunda kamfanin Apple da kansa ya faɗa cewa zanen tawada a fata yana iya tare hasken.

A binciken Stanford ɗin nan akwai abin da ya fi ba ni mamaki. Lissafin kalori, wato ƙarfin abincin da jiki ya ƙona, wanda ya fi kowa daidai a cikin bakwai ɗin ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, na ƙarshe kuwa da kashi 93. Mai ciwon suga da ke auna tuwonsa da wannan lambar, nakan roƙe shi ya daina.

Kuma fa waɗancan agogon manyan kamfanoni ne. Abin da ke shigo mana kasuwa ya kasu. Ina sarin kaya daga Farm Centre a Kano, wani lokaci daga Ikeja a Legas, kuma a cikin kwalayen da ba su da sunan kamfanin kirki na sha buɗe agogo in tarar da fitila kore kawai, babu idon da ke karɓar haske. Lambar ƙirƙirarta yake yi, kullum tsakanin saba'in da wani abu zuwa tamanin da wani abu, ko kana barci ko ka hau dutsen Kufena. Ajiye agogo a kan tebur a ga ko zai ba da lamba gwaji ne, amma bai isa ba, don na kirki ma wani lokaci abu mai sheƙi yana ruɗinsa. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne in ɗaura wa yaron shagona, a karanta yana zaune, sannan ya hau benen da ke bayanmu ya sauko sau uku. In lambar ba ta motsa ba, kwalin gaba ɗaya komawa yake yi. Akan ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma mai sayen irin wannan agogon bai sani ba, ni ne na sani. Har yanzu ina ajiye masu araha don mai son ganin lokaci da saƙon waya, sai dai nakan faɗa masa a fili cewa hoton zuciyar nan ado ne. Wasu sukan fita su saya a shago na gaba inda ba za a gaya musu haka ba. Ina jin zafin cinikin da ya wuce ni, musamman a watan da kuɗin haya ya zo.

Mai gudu da gaske, wanda ke son lamba tsayayya, bel ɗin ƙirji nake nuna masa. Shi ba ruwansa da haske, lantarkin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu yake ji, irin ƙa'idar na'urar da ake manna wa mutum a ƙirji a asibiti. Kamfanin Polar na ƙasar Finlan ya fitar da irinsa marar waya tun 1982, kuma har yau da irinsa ake gwada agogon hannu. Yana haɗuwa da waya ko agogo ta bulutut. Shi ma yana da sharaɗi: sai an jiƙa wurin da ke taɓa fata, in ba haka ba a bushewar hunturu mintunan farko shirme zai riƙa bayarwa har gumi ya fito. Ba ya tafiya sosai a nan, saboda tsada da kuma mutane ba sa son abu ya ɗaure musu ƙirji, don haka sai an yi oda nake kawowa.

Yanzu duk wanda ya sayi agogo a wurina ba ya fita sai mun yi minti biyar. In ɗaura masa da hannuna ya ji yadda matsin ya kamata ya kasance: kada ya zame, kada kuma ya bar shaida a fata. In mace ce, ƙanwata da ke taya ni lissafi ita ke yi. In nuna masa inda zai sa yatsa manuni da na tsakiya a tsintsiyar hannu ta gefen babban yatsa, ban da babban yatsan kansa don shi ma yana da nasa bugun. Ya ƙirga na daƙiƙa 15 ya ninka sau huɗu, mu gwada da abin da agogon ya nuna. Babban mutum a zaune yawanci tsakanin 60 da 100 yake. Mai shan maganin hawan jini nakan ce ya tambayi likitansa iyakar da zai tsaya, domin wasu magungunan suna rage bugun zuciya, kuma lissafin 220 ɗin nan kintace ne na jimla, ba a kan jikinsa aka yi shi ba.

Baba bai mayar da agogon ba. Makon jiya ya biyo ta shago da wani abokinsa da suke gudu tare, wanda nasa agogon a Kaduna aka saya masa. Kafin in miƙa hannu, Baba ya riga ya kama hannun abokin, ya tura agogon sama, yana cewa, "Alhaji, dubi yadda ka sake shi. Kawo jijiyar mu ƙirga." Ni dai na miƙa musu wayata su duba daƙiƙa. Suka samu 19, wato 76, agogon kuma yana nuna 78.