Kafin ka karɓi makullin tirela, ka san a hannun wa za ka fara

Idan aka ce wa matashin da hannunsa ya fara faɗawa ga wani mai mota can yana neman direba, abin da yake fara tambaya shi ne nawa ne albashi. Ba laifi ba ne, don neman abinci ya fito. Sai dai a harkar babbar mota albashi shi ne tambaya ta uku ko ta huɗu. Ta farko ita ce: idan aka yi asara a hanya, wa zai ɗauka? Ta biyu kuma: wane hali birki da tayoyin motar suke ciki? Wanda ya sami gamsasshiyar amsa a kan waɗannan biyu, ko albashin bai taka kara ya karya ba, zai kai ƙarshen shekara da ransa da sunansa. Wanda ya tsallake su don an yi masa romon baka, yakan wayi gari mai mota ne ke bin sa bashi.

Maganar takardu ba ta da tsawo. Lasisin ƙaramar mota ba ya ba ka izinin jan tirela ko tanka. Aji G ne na motar da ke da kai da bodi. Hanyarsa ita ce makarantar koyon tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta amince da ita, sai gwajin jami'an VIO masu duba motoci da direbobi, sai gwajin lafiya da na ido, sannan a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Za a ba ka na wucin gadi na kwana 60 kafin na dindindin ya fito, mai shekara 3 ko 5. Duk lasisin da aka kawo maka har gida ba tare da ka je an ɗauki hoton naka ba, ka yi shakkarsa. Manyan kamfanoni suna bincika lambar a rumbun hukumar, kuma ranar da aka yi hatsari kamfanin inshora abin da zai fara dubawa ke nan.

Lasisi dai takarda ce. Tuƙin a gefen direba ake koyonsa, shi ya sa har gobe mafi yawan direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Legas daga yaron mota suka taso (karen mota ake cewa a tasha, kuma masu sunan ba su cika damuwa ba). Shekara biyu zuwa uku a wannan kujera ba ɓata lokaci ba ne, matuƙar maigidan yana sakar maka sitiyari. Akwai yaron da zai shekara huɗu yana wankin mota, ɗaurin tamfol da sa weji, amma bai taɓa shigar da bodi cikin ƙofar sito da ribas ba. Wannan hidima ya yi, bai koyi aiki ba. Kafin ka ce ka isa, ka tabbata kana iya haɗa kai da bodi kai kaɗai, kana iya ribas da madubi kawai, kana iya tashi daga tsaye a kan hawa da cikakken lodi ba tare da motar ta zame baya ba, kuma ka san inda ƙafafun bodi na baya suke bi idan ka sha kwana, domin ba sawun kai suke bi ba, ciki suke yankewa. Da yawan masu babur da 'yan tireda na bakin hanya a nan ake taka su.

Iyayen gida a wannan sana'a kusan iri uku ne. Akwai manyan kamfanoni masu ɗaruruwan motoci, irin na siminti a Obajana ta jihar Kogi ko Kalambaina ta Sakkwato, da masu dakon fulawa, sukari da lemon kwalba. Akwai matsakaita masu mota goma zuwa hamsin da ke karɓar kwangilar dako. Sai kuma Alhaji mai mota ɗaya ko biyu, wanda lodinsa a hannun 'yan kamasho yake, yau hatsi daga Dawanau, gobe shanu daga Wudil ko Maigatari, a dawo da duk abin da aka samu daga kudu.

A nawa ganin sabon direba ya fi dacewa da wurin da ke da garejinsa da bakanikensa, ko da kuɗin bai kai na Alhaji ba. Babban kamfani yana da takura: na'urar bin sawu tana kai rahoton inda ka tsaya da gudun da ka yi, ba ka ɗaukar fasinja, ba ka ɗora ko buhu ɗaya na kanka, wasu ma sun hana tafiyar dare. Amma idan mota ta lalace a Mokwa waya za ka yi a turo maka, ba kai za ka shiga neman bashi ba. Kuma a nan ne ake samun fansho, inda doka ta 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, da kuma diyyar rauni a bakin aiki ƙarƙashin dokar 2010 wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita. Ka tambaya ko kai ma'aikacin kamfanin ne kai tsaye ko ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke ka, don rigar ɗaya ce amma haƙƙoƙin sun bambanta. Wurin Alhaji akwai sakewa, akwai ɗan abin da ke shigowa ta gefe, akwai kuma mutunci irin na gida idan ka dace da mutumin kirki. Sai dai komai da baki ake yi, kuma ranar da aka sami saɓani babu takardar da za a buɗe.

Yanzu ga inda kuɗin yake ɓuya. Gas, wato man dizal, shi ne babban abin da tafiya ke ci. Tirela mai cikakken lodi takan yi kilomita 2 zuwa 3 da lita ɗaya, gwargwadon lafiyar injin, nauyin kaya da halin hanya. Ɗauki tafiyar kilomita 1,100: idan motar tana yin 2.5, lita 440 ke nan. Idan tsohuwa ce mai yin 2, lita 550. Bambancin lita 110 ne a zuwa kawai. To idan mai mota ya yanke maka lita 450 ya ce sauran ya rage naka, alhali motar mai shan 550 ce, ka karɓi aikin da kai za ka riƙa biyansa. Don haka kada ka yarda da adadin da aka faɗa maka a ofis. Nemi direban da ya sauka daga kan wannan motar, ko yaronsa, ka ji lita nawa take sha a wannan hanyar, kuma me ya sa ya bar ta.

Ƙarancin gas ba aljihu kaɗai yake taɓawa ba. Shi ne ke koya wa direba sa mota a firi, wato cire giya, a gangara don ya tsimi mai, kuma babu ɗabi'ar da ta fi wannan kisa. Birkin babbar mota da iska yake aiki, injin ne kuma ke juya famfon da ke tara iskar. Idan ka cire giya juyin injin ya yi ƙasa, iskar da ke shiga tanki ta ragu, kai kuma kana ta taka birki kana zubar da wadda ke ciki. Ga shi injin ba ya riƙe motar, nauyin tan 30 ko fiye duk ya koma kan birki, gangunan su yi zafi su buɗe, takalman su daina kamawa. Lokacin da za ka so mayar da giya gudun ya wuce inda za ta shiga. Abin da ake cewa birki ya tsinke, sau da yawa wannan ne. Ƙa'idar ita ce ka shiga giyar ƙasa mai ƙarfi tun kafin ka fara gangarowa, giyar da za ka hau wannan tudun da ita, ka bar birkin injin ya yi aikinsa, ƙafarka kuma ta riƙa dannawa tana saki, kada ta kwanta a kai. Ubangidan da lissafinsa na gas ba ya fita sai da firi, ba wurin farawa ba ne.

Sai shoteji, wato gibin kaya. A siminti buhu ake ƙirgawa, a hatsi sikeli, a tanka awo. Ka tambaya ƙarara: idan aka sauke aka ga gibi, nawa ake yafewa, nawa ake cirewa a albashi, kuma da wane farashi? Kada ka sa hannu a webil, wato takardar kaya, sai ka ga lodin da idonka. Idan buhu 600 aka rubuta, ka tsaya ko ka tsayar da yaronka a ƙirga. Buhun da ya fashe tun a wurin lodi a rubuta shi a jikin takardar. Idan kwantena ce ko tanka, lambar hatimin da ke jiki ta zo daidai da ta takarda, ka kuma ɗauki hotonta da waya. A wurin saukewa ma haka, kada ka tafi cin abinci ka bar 'yan dako da kaya.

Kuɗin hanya shi ma a rarrabe shi: na abincinka da na yaro daban, na shingaye da 'yan karɓar haraji daban, na faci da ƙananan gyare-gyare daban. Idan an dunƙule su wuri ɗaya, taya biyu suka fashe, abincinka ne ya tafi. Ka tambayi kwanakin jira kuma. Mai zuwa Apapa ko Tin Can a Legas ba ya shiga tashar jiragen ruwa sai da tikitin Eto, tsarin kiran motoci da hukumar tashoshin ta fara a Fabrairun 2021, kuma mutum na iya kwana da kwanaki a garejin jira. Wanda ake biya da tirif, wato a kan kowace tafiya, ranakun nan a banza suke tafiya idan ba a yi maganarsu tun farko ba.

Kada ka karɓi makulli da dare ko a gurguje. Je ka ga motar da safe kafin a tayar da ita, ka duba ƙasa ko akwai ɗigon baƙin mai ko ruwan lagireto. A tayar, ka zuba wa agogon iska ido har ya cika. Kashe injin, sa weji, saki birkin hannu, taka birki ka riƙe na minti ɗaya. Allurar za ta ɗan sauka sau ɗaya ta tsaya. Idan ta ci gaba da zamewa ko kana jin tsiyayar iska, akwai yoyo. Ja zoben da ke ƙarƙashin tankin iska: ɗan ruwa ba komai ba ne, amma idan ruwa da mai suka kwararo, an daɗe ba a kula da motar ba. Leƙa bayan kowace ƙafa ka tabbata tiyon birki yana haɗe, domin akwai masu toshe tiyon ƙafar da ta lalace su ci gaba da aiki da sauran. Duba tiyo biyu da ke tsakanin kai da bodi, ja da rawaya, kada su kasance a naɗe da roba. Farantin da bodi ke hawa ya kasance da giris, kuma bayan an haɗa ka ja kaɗan a giya ta ɗaya alhali birkin bodi na kame, don ka ji ya kulle.

Taya tana da ranar haihuwa a gefenta, lamba huɗu: 2322 na nufin mako na 23 na 2022. Tayar gaba ita ce ranka, kada ka yarda da mai faci a gefe, mai kumburi ko wadda aka sake yanka wa zane. Noti mai tsatsa da ya zubo kamar hawaye alama ce ta ya saki. A ce akwai safaya mai iska, jak, abin kwance taya, abin kashe gobara da bai ƙare aiki ba, da alamar tsayawa mai kusurwa uku. Na'urar taƙaita gudu ta zama dole a motocin haya tun Fabrairun 2017, kuma iyakar tirela da tanka kilomita 60 ne a tagwayen hanya, 50 a babbar hanya, 45 a cikin gari. Idan ka nuna wani aibi aka ce maka "je ka dawo, sai a gyara", ka riga ka ji yadda gidan yake.

Game da tanka, shawarata a jinkirta. Kuɗinta ya fi, ƙungiyar direbobinta ta PTD da ke ƙarƙashin NUPENG, ƙungiyar ma'aikatan man fetur, tana da ƙarfi, amma ruwa ba ya zama wuri ɗaya kamar buhu. Ka taka birki ya turo ka gaba, ka sha kwana ya kwanta gefe, musamman idan ɗakunan tankar ba a cike suke ba. Gobarar tankar da aka yi a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024 da mararrabar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025 ta isa nuna abin da faɗuwar tanka ɗaya ke jawowa. Bayansu ne aka hana lodin tanka mai lita 60,000 daga Maris na 2025. Shanu ma ba kayan sabon hannu ba ne, don masu su ba sa son a tsaya, sai su matsa maka ka kwana kana tuƙi. Daga nan ake fara haɗiyar ƙwaya, ana ce mata maganin hana barci. Fara da busasshen kaya a hanya ɗaya da za ka maimaita har ka haddace ramukanta, wuraren kwananta, da inda ba a bi bayan magariba.

Kusan kowane mai mota zai nemi wanda zai tsaya maka. Ka karanta wa mutumin nan abin da zai sa wa hannu, don a wasu takardun ya ɗauki nauyin kaya da motar gaba ɗaya ne. Kwafin lasisinka za ka bayar, na ainihi ya zauna a aljihunka. Ranar karɓar mota kuma a zauna a rubuta abin da ke cikinta: tayoyi nawa da lambobinsu, batir biyu da sunansu, tamfol, igiyoyi, jak, gas lita nawa a tanki, da ranar da inshora da takardar lafiyar mota za su ƙare. Kai da mai motar ku sa hannu a gaban wani daga ƙungiyar direbobi, kowa ya riƙe kwafinsa.