Kafin motar kwana-kwana ta iso

Da zarar hunturu ya kankama a jihar Kaduna, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, katako da zana da silin duk sun bushe ƙayau, ga iska tana kaɗawa. A irin wannan lokaci wutar da ta tashi a shago ɗaya tana iya haɗiye layi guda cikin ƙanƙanin lokaci. Mutumin Tudun Wada ko Kawo yana iya sa ran motar kwana-kwana, amma garin da ke nesa da tashar kwana-kwana da kilomita 40 ko 50, ko an kira lambar gaggawa ta 112 nan take, sai an yi kusan awa ana jira. Wannan awar ta mutanen gari ce, kuma a ganina lokaci ya yi da za a tsara ta.

Tsarin ba sabo ba ne. A 1736 Benjamin Franklin da maƙwabtansa suka kafa ƙungiyar kashe gobara ta sa-kai a Filadelfiya, a Amurka. Kowane mamba yana ajiye bokitan fata da buhunan kwashe kaya a gidansa, ya fito da su da zarar an yi yekuwa. Har yau fiye da rabin 'yan kwana-kwanan Amurka 'yan sa-kai ne, a Jamus kuwa sun kai kimanin miliyan ɗaya. A nan kalmar sa-kai ta riga ta tafi ga masu sintiri, don haka gara a kira su 'yan agajin gobara, kada a rikita mutane. Mu ma muna da harsashin: 'yan agajin masallatai, matasan majami'u, 'yan garuwa, sarkin kasuwa da mai unguwa.

Mutum 15 zuwa 20 sun isa ƙaramin gari, muddin kowa ya san aikinsa tun kafin ranar. Biyu na waya da yekuwa. Ɗaya mai gyaran lantarki, wanda aikinsa na farko shi ne kashe babban makunni ko zare fis, domin ba a watsa ruwa a ginin da ke da wuta a waya. Shida na ruwa, huɗu na ɓalle ƙofa da fitar da mutane, sauran su tare 'yan kallo su buɗe wa mota hanya. Wannan na ƙarshe ana raina shi, alhali cunkoson jama'a da babura ya sha hana mota kaiwa bakin wuta.

Batun ruwa ne ya fi cancanta a tsaya a kai. Injin ban ruwa na masu noman rani, mai bakin inci 2, yana turo wajen lita 500 a minti ɗaya. Ke nan tankin roba mai lita 5,000 minti goma kawai zai yi. Kurar ɗan garuwa mai jarka 10 ta lita 25 kuwa rabin minti ce. Saboda haka a zagaya gari a rubuta inda ruwa yake, rijiya da kududdufi da tankin masallaci da na makaranta, a auna nisan kowanne da kasuwa, sannan a sayi tiyo daidai wannan tsawo. Injin kan ba da kunya ta hanya huɗu: ba a cika cikinsa da ruwa kafin a tayar ba, iska na shiga ta mahaɗin tiyon zuƙa, matatar bakin tiyo ta toshe da laka ko leda, ko fetur ya kwana watanni ya daskarar da kafireto. Haka nan idan ruwan rijiya ya yi zurfin da ya wuce mita 7 ko 8 daga inda injin yake, ba zai iya jawo shi ba kome ƙarfinsa. Maganin duk wannan shi ne a tayar da shi kowane mako, ya yi aiki minti biyar da ruwa na gaske. Inda babu inji sai layin bokiti, layi biyu, ɗaya na miƙa cikakku ɗaya na mayar da wofi, ba kowa ya ruga da nasa ba ana karo da juna.

Sauran kayan ba su da yawa: tsani, gatari, diga, shebur, almakashin yanke kwaɗo, tocila, safar hannu ta fata, bokitan yashi, da tukwanen kashe gobara masu hoda, na kilo 9, kamar guda huɗu. Tukunya irin wannan daƙiƙa 15 zuwa 20 take yi ta ƙare, shi ya sa ba a ɓata ta a kan harshen wuta. A zare fil, a tsaya nisan mita 2 zuwa 3 iska na bayanka, a nufi gindin wutar, a matsa ana sharewa dama da hagu. Duk wata a duba allurar agogon da ke jikin tukunyar ta tsaya a kore, a kuma juya tukunyar a girgiza, domin hodar tana dunƙulewa idan ta daɗe a zaune.

Akwai wutar da ruwa ke ƙara wa masifa. Man suya da ya kama a kasko, in aka zuba masa ruwa, ruwan ya zama tururi mai ninki kusan 1,700, ya watsa man mai ci ko'ina. A kashe risho a rufe kaskon da murfi. Fetur kuma yana yawo a saman ruwa ya bi shi har cikin kwata, nasa yashi ne ko hoda. Iskar gas ta girki ta fi iska nauyi, tana kwanciya a ƙasa, don haka in an ji warinta kada a taɓa makunni, a rufe kan tukunya a buɗe ƙofa da tagogi. Idan tukunyar tana cikin wuta, a janye kowa, a riƙa sanyaya ta daga nesa daga bayan katanga.

Abin da ya fi damuna shi ne shiga ɗaki mai hayaƙi. Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, kuma jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci ba ya tare gubar da ke cikinsa. Ɗan agajin da ba shi da tukunyar numfashi iyakarsa bakin ƙofa da taga: ya ɓalle ƙarafunan taga, ya kira na ciki su rarrafo ƙasa-ƙasa. Idan shago ya riga ya kama gaba ɗaya, a bar shi, a kare na kusa. A jiƙa bangonsu, a kwashe kayansu, a tuge rumfar zana ko katakon da ya haɗa su.

Wanda ya ƙone a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da tsaftataccen ƙyalle a kai shi asibiti. Ban da ƙwai, ban da manja, ban da man goge baki.

Horo kuwa a nemi jami'an hukumar kashe gobara ta jiha su bayar, ta hannun hakimi ko ƙaramar hukuma, su kuma san da zaman ƙungiyar. Idan motarsu ta iso, jagoran 'yan agaji ya tarbe ta da bayani uku: ko akwai mutum a ciki, ko an kashe lantarki, da inda ruwa mafi kusa yake. Daga nan umarni ya koma hannunsu. Makullin ɗakin kaya ya kasance a hannun mutum uku da ke kwana a unguwanni daban-daban, kuma a yi atisaye sau ɗaya a wata, wani lokaci da dare, tunda gobarar kasuwa ta fi tashi bayan an rufe shaguna an dawo da lantarki a kan hita ko dutsen guga da aka manta a jone.