Littafin cefane na 2020

Ranar 26 ga Maris 2020, da dokar hana fita saboda cutar korona ta fara aiki a Kaduna, na ɗauko wani littafin rubutu mai falle sittin da ya rage cikin na ɗalibaina, na zauna bakin ƙofar kicin na ce wa Maman Ummi ta lissafo min abin da ke gidan. Masara mudu tara, shinkafa mudu huɗu, wake mudu uku, manja rabin galan, sai kuɗi dubu goma sha ɗaya. Na rubuta. Ni malamin makarantar kuɗi ne a Tudun Wada, kuma tunda aka rufe makarantu na san albashi sai yadda Allah ya yi.

Bayan kwana biyu gwamna Nasir El-Rufai ya sanar cewa shi ma ya kamu da korona. Masu cewa ƙarya ce suka ɗan yi shiru, masu cewa cutar manya ce suka ƙara samun abin faɗa. Ni dai ba wannan ne a gabana ba. Kullum bayan Isha'i nakan buɗe littafin in rage abin da aka ci.

Ban san ranar da lissafin ya fara zama labari ba. Ina jin Juma'ar farko ce, da na yi azahar raka'a huɗu a tsakar gida, ni da tun ina saurayi ban saba rasa masallacin Sultan Bello ba. A ƙarƙashin "masara mudu takwas" na rubuta cewa yau garin ya yi tsit har ina jin kukan kurciyoyin gidan maƙwabci. Daga nan kullum sai na ƙara layi biyu ko uku.

Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu. Ba asham a masallaci, tafsiri sai a rediyo. A makon farko aka bugo min cewa Kawu ya rasu a Kano, a kwanakin nan da ake ta binne dattawa. Hanya a rufe. Na kira Inna a Zariya ina kuka na ce ko ta daji ne zan bi. Ta ce, "Ka zauna inda kake. Wanda ya tafi ya tafi, waɗanda ke hannunka amana ne." Daren nan na cika shafi huɗu da Kawu: yadda ya koya min keke, da hular zanna ɗaya tilo da yake sawa duk Sallah. Da na ajiye biro sai na ji ƙirjina ya ɗan saki, har na iya yin sahur.

A lokacin, Allah ya sani, gani nake ni ne mai haƙurin gidan. Ni aka hana albashi, ni aka hana jana'iza. Littafin ne ya nuna min ba haka ba ne. Wani dare ina duba shafukan baya na lura mudun masarar da yake yi mana kwana biyu ya koma yin uku, alhali tuwon da ake kawo min bai ragu ba, na yara ma haka. Na sake lissafi har sau biyu. Washegari na tambayi Ummi, lokacin tana shekara takwas, ta ce, "Baba, ai Mama ƙanzo take jiƙawa ta ci idan mun yi barci."

Sai na dubi matata da kyau, abin da na kwana biyu ban yi ba. Tsinke ne a kunnenta. 'Yan kunnen gwal ɗin da mahaifiyarta ta ba ta ranar kai amarya, ta kai wa dillaliya tun kafin azumi. Da kuɗin ta sayo gero da sukari a kasuwar wucin gadin da aka buɗe a filin makaranta, ranar da aka ba da damar fita, ni kuwa na rubuta su a littafi ban tambayi daga ina ba. Na ce, "Maman Ummi, me ya sa ba ki faɗa min ba?" Ta ce, "Malam, abin da ke kanka ya ishe ka." Ta ci gaba da tankaɗe.

Ban iya ce mata komai ba, don mu ba mu saba ba. Na koma ɗaki na rubuta abin da bakina ya kasa, na bar littafin a buɗe a kan keken ɗinkinta. Daga ranar kwano ɗaya muke buɗa-baki, ina kallon hannunta.

An sassauta dokar a watan Yuni. Littafin yana nan cikin akwatina, bangonsa da tabon manja. A shafin ƙarshe na rubuta "Bashi: 'yan kunne," kuma sai a ƙaramar Sallar 2022 na samu na ja masa layi.