Godiya ga duk wanda ya zo muka karrama Kawu

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana uku da taron, sai yanzu jiki ya sake na samu zama in rubuta. Alhamdu lillahi, an yi lafiya an tashi lafiya, an mayar wa mutane kujerunsu, Baba kuma, dattijon ɗan wasan da muka karrama, ya koma gida da farin ciki. Wannan na ƙarshen shi muka fita nema tun farko.

Ga wanda zancen bai kai gare shi ba: daren Asabar da ta wuce, bayan sallar Isha'i, muka taru a filin wata makaranta a Mabera, nan Sakkwato, muka kafa majigi, muka sake kallon fim ɗin nan da aka yi a garin nan shekarun baya, wanda Baba ya fito a matsayin kawun marayu. Mafi yawanku da Kawu kuka san shi. Haka yara ke kiransa a Tsohuwar Kasuwa, haka ƴan kabu-kabu ke ɗaga masa hannu a hanya, da yawa ba su taɓa tambayar sunansa na yanka ba. Shi ya sa muka sa aka rubuta sunan a farin ƙyalle da manyan baƙaƙe, muka rataya a bayan kujerarsa. Da ya shigo ya gani, tsayawa ya yi ya daɗe yana kallo, sannan ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar. Bai ce komai ba. Ni da ke riƙe da hannunsa na ji yana ɗan rawa.

Wasu sun tambaye ni me ya sa shi, alhali ba shi ne jarumin fim ɗin ba. To ga dalilina. Fitowa a mugu zalla ba ta da wuya, ka ɗaure fuska, ka zare ido, ka daka tsawa, shi ke nan. Ɗan barkwanci zalla ma ana samu, a sa yagaggiyar riga, a shafa gawayi, a faɗi ƙasa a tashi. Amma mutum ya sa ka dariya har cikinka ya ƙulle, a daidai lokacin kuma kana jin kamar ka shiga cikin akwatin ka ƙwace dukiyar yaran nan daga hannunsa, wannan sai mai baiwa. Baba bai yi shigar wauta ba. Farar riga ya sa mai guga, da hula zanna, da turare da kana kallo kamar kana jin ƙanshinsa. Muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar ta mai ba da shawara. Ko sau ɗaya bai kalli kyamara don ya nuna maka cewa wasa yake ba.

Ku tuna wurin zaman makoki, ranar sadakar uku. Kawu na zaune a tsakar gida, ya fi kowa kuka, har masu ta'aziyya na ba shi haƙuri sun bar ƴaƴan mamacin. Carbi na hannunsa na dama, leɓensa na motsi kamar mai tasbihi. Sai ga tumakin marigayin an kora su za su wuce. Duk tunkiyar da ta gifta, sai ƙwayar carbi ɗaya ta faɗa. Ashe ƙirga yake. Can wata tunkiya ta juya ta koma inda ta fito, sai Kawu, hawaye na zuba, ya sa ɗan yatsa ya mayar da ƙwaya ɗaya baya. Babu magana a wurin nan, babu kiɗa. Na kalli wurin nan ya fi a ƙirga, kuma har gobe ba na iya riƙe dariya, sannan in ta lafa sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji, domin ƙaramin marayan na zaune a gefensa yana kallon carbin.

A wurin taron ya gaya mana cewa wannan ba ya cikin takardar da aka ba shi. Yana saurayi ya ga wani dattijo ya yi haka a wani zaman makoki, ya ajiye abin a ransa shekara da shekaru. Wani ɗalibi ya tambaye shi yadda ake shiga rigar mugu, ya ce: "Ɗana, ni ban taɓa ɗaukar Kawu mugu ba. Ran da na ɗauke shi mugu, wasa ya ɓaci. Shi gani shikai shi anka zalunta." Filin ya yi tsit na ɗan lokaci kafin tafi ya ɓarke.

Irin wannan wasan ba baƙo ba ne a wurinmu. Da Gizo aka yaye mu, maƙaryaci mai haɗama wanda ke cutar kowa har da Ƙoƙi, amma shi yara ke jira a tatsuniya. Idan azumi ya kai goma yara suka fita tashe, da raha suke caccakar marowaci da mai kwaɗayi a ƙofar gidansa. Ƴan kama ma haka, su kwaikwayi mai ci da addini har kowa ya gane wa ake nufi ba tare da an kama suna ba. Baba daga wannan rijiya ya sha. Akwai kuma abin da ya fi burge ni a matsayina na ɗan garin nan. Sau da yawa idan aka sa Basakkwace a fim, harshensa ake mayarwa abin dariya, ya ce "wanga" ko "munka tahi" a bushe da dariya, ba don ya faɗi abin dariya ba. Baba ya yi Sakkwatancinsa tsantsa, yadda ake yinsa a Ƙofar Marke da Ƙofar Rini, kuma babu wanda ya yi dariyar harshen. Halin mutumin aka yi wa dariya. Wurin da yake shan furar da aka dama da geron marayun, yana ce musu "Duniya ba bakin komi take ba, ɗiyana," ya lashe ludayi ya miƙa wa ƙaramarsu ƙwaryar ta wanke, ko da wane irin harshe aka yi shi zai shiga.

Ina da wani dalili nawa na kaina. Shekarar da mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, mun ga abin da marayu ke gani wajen rabon gado. Ba zan tona ba, an wuce wurin, an yafe. Amma Inna ta yi wata da watanni ba ta dariya. Ta gama takaba, ta ci gaba da zama kamar mai takaba. Wata rana ƙanena ya aro faifan fim ɗin ya sa, tana gefe tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ma kallo. Da aka zo wurin carbin sai muka ji wani sauti da muka manta da shi. Inna ce, ta ajiye shinkafar ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na girgiza. Ta ce, "Wanga shi na. Har tarin nai." Daga ranar ta fara iya ba da labarin abin da aka yi mana ba tare da ta yi kuka ba. Wannan bashi ne da na daɗe ina ɗauke da shi, kuma mai bashin bai san yana bi na ba.

Ranar Asabar na kawo ta. Da aka tashi ta ce in kai ta wurinsa. Ta ɗan rusuna ta gaishe shi, ta ce, "Malam, Allah shi yi maka albarka, shi raya zuri'a. Amma dai ka ba ɗiyan nan tumakinsu." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Hajiya, an ba su, wallahi an ba su." Su biyun duka idanunsu sun cika.

Abin da mutane ba su sani ba, wannan fitowar ta ja masa. Ya ba mu labarin wata mai sayar da ƙosai da ta ƙi karɓar kuɗinsa, ta ce ba ta cin haram, ta bi shi da Allah ya isa. Lokacin da aka zo neman auren ƴarsa, sai da wani daga dangin mijin ya ce ba shi ne mai cin dukiyar marayu ba? Tela ne, da keken ɗinki ya ciyar da gidansa, kuma maƙwabtansa sun shaida akwai ƴaƴan ɗan'uwansa da ya riƙe har ya aurar. Yana ba da labarin yana dariya, mu kuwa jikinmu ya yi sanyi. Ƙwarewarsa ce ta sa aka kasa raba shi da Kawu, kuma ita ce ba ta kawo masa komai ba. A fosta hoton saurayi da budurwa ake sawa. Sunan irinsu Baba sai can ƙarshen fim, lokacin da kowa ya miƙe. Sau ɗaya aka sallame shi, a wurin ɗauka. Daga nan masu satar fasaha suka buga faifan suka cika kasuwa, daga baya kasuwar faifan ma ta mutu. Yau ana yanko wurin carbin ana yawo da shi a WhatsApp da TikTok, mutane na ta turawa juna, babu sunansa a jiki. Ga shi kuma bai koma Kano ba inda harkar fim take da ƙarfi, ya zauna garinsu kusa da tsohuwarsa har ta bar duniya.

Da Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disambar 2014, gidajen rediyo sun cika da yabo. Haka da Ƙasimu Yero a 2017, haka da Samanja a 2023, Allah ya gafarta musu baki ɗaya. Waɗannan ma manya ne da duniya ta san sunansu tun suna raye. Muka ce to wanda ba a ma san sunansa ba fa? Da wannan maganar muka fara, mu biyar a teburin mai shayi, wata biyu da suka wuce.

Ina godiya ga mai makarantar da ya ba mu fili bai karɓi ko kwabo ba, har ya sa ɗalibai suka share suka yayyafa ruwa saboda ƙura. Ina godiya ga mai unguwa da ya zo da kansa ya zauna har ƙarshe duk da sanyin da aka yi, don hunturun bana ba wasa, kowa da bargonsa ya zo. Malam da ya buɗe taro da addu'a, Allah ya ƙara ilimi. Ya karanto aya ta 10 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikinsu, ya ce ya sha yin wa'azi a kanta, amma ya ga mutanen da wasan Baba ya sa suka ji kunyar kansu. Ba kowane malami zai faɗi haka a bainar jama'a ba.

Godiya ta musamman ga ƴan kabu-kabu, kuma ga dalili. Ana tsakiyar kallo, saura kaɗan a zo wurin makoki, injin da muka yi haya ya yi tari ya mutu. Aka ja aka ja ya ƙi tashi. Duhu ya rufe filin, gabana ya faɗi. Kafin mu ankara sai wani matashi ya tayar da babur ɗinsa ya haska fitila tsakiyar fili, sauran suka bi, suka jeru suka yi da'ira. Sai Baba ya miƙe a hankali, ya ce wa mai unguwa, "Ranka shi daɗe, a ara min carbi." Ya zauna a tabarma cikin hasken nan, ya kira yara ya ce su zama tumaki. Suka riƙa wucewa da rarrafe ɗaya bayan ɗaya, hazo na tashi a cikin fitilun. Fuskarsa ta canza nan take, dattijon da na riƙo hannunsa ya ɓace, Kawu ya zauna. Wani ɗan ƙaramin yaro, ba wanda ya gaya masa, ya kai tsakiya ya juya ya koma. Baba bai ko kalle shi ba, ya sa yatsa ya mayar da ƙwayar. Ihun da aka yi, ina jin har Gawon Nama an ji. Maƙwabcin da ya fito da nasa injin daga baya aka ƙarasa fim ɗin, Allah ya saka masa, ko man bai yarda mun saya ba.

Iyayenmu mata da suka dafa shayi da kunu suka soya ƙosai tun La'asar, ba mu da bakin gode muku. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da suka zo da littattafan rubutu suna ɗaukar maganar Baba, ku riƙe alƙawarin da kuka yi na zuwa shagonsa ku zauna da shi, yana da abin faɗa da yawa. Waɗanda suka taso daga Wurno da Boɗinga da Gwadabawa, da mutanen Illela da suka zo tare da baƙinmu na Ƙonni, Allah ya mayar da kowa gida lafiya, ya bar zumunci. Abin da aka tara an damƙa shi a hannun Baba a gaban babban ɗansa da mai unguwa, takardar lissafi na wurin ma'ajinmu ga duk mai son gani. Ɓangaren mata tabarmi sun yi kaɗan, wasu sun tsaya tsaye da goyo har aka tashi. Ku yafe mana, ba mu zaci jama'a za ta kai haka ba.

Da na mayar da shi gida, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, mun tsaya a ƙofar zaure yana riƙe da ƙyallen nan mai sunansa, ya naɗe shi a hammata. Har na juya zan tafi ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, fim ɗin ga da kunka nuna, ana iya samo min shi? Ni ban da shi. Jikokina ba su taɓa gani nai ba." Yaron da ya kawo majigi ya riga ya zuba shi a waya, ya kuma buga a faifai guda biyu. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za mu kai masa, in sha Allahu. Wanda ke son rakiya, mu haɗu a teburin mai shayin nan.