Abin da tawadar allo ta koya mini a kan garafin

Ranar da na fara samun ruwan garafin baƙi ƙirin a 'yar kwalba, sai da na ɗauki hoto na tura wa Umma. A zatona aikin digirina na biyu ya zo gangara. Ashe tukuna.

Garafin shimfiɗa ɗaya ce tak ta ƙwayoyin kabon, ana ɓare ta daga garafait, wato baƙin da ke cikin fensir. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka fara ware ta a Jami'ar Manchester a 2004, da salatif kawai, har ta ja musu kyautar Nobel a 2010. Sai dai salatif ba ya cika bokiti. Mai son buga hanyar lantarki a kan takarda ko leda, ko ya gauraya shi a kayan batir don wuta ta fi gudu, tawada yake nema lita-lita. A 2014 ayarin Jonathan Coleman a Dublin suka nuna cewa injin markaɗe na kicin ma yana ɓare garafait a ruwan sabulu. Wannan labari ne ya kai ni kasuwar Wunti a Bauchi na sayo nawa.

Kwalbar farko ta yi kyau. Da na ninka ruwan sau huɗu a inji guda, tawadar ta fito tsararo, don ƙarfin wuƙar ya rarrabu. Injin ya yi zafi, wuta ta ɗauke sau biyu, ni kuma ban rubuta mintunan da ya yi yana juyawa ba. Bayan kwana uku komai ya kwanta a gindin kwalba, sama ruwa garau. Mako biyu na yi ina neman maimaita abin da na yi da hannuna, na kasa. Tun daga nan ko gishiri zan auna sai na rubuta.

Maganin kwanciyar a zauren kakana na same shi, a Unguwar Jahun. Yana haɗa wa almajirai tawada, na ga ya jefa ƙaro cikin ruwan gawayi.

"Baba, don me ake sa ƙaron?"

"Shi ke riƙe baƙin, ɗan nan. Babu shi, ruwa daban, gawayi daban. In kuma ka cika shi, alƙalami ya ƙi tafiya."

Na tsaya shiru, domin abin da nake ta karantawa ke nan. Ɓarɓashin garafin suna son komawa su manne da juna, sai an sami abin da zai lulluɓe su ya raba tsakani, kuma masu bincike sun riga sun gwada ƙaro a wannan aiki. Gargaɗin Baba ma ya tabbata: ƙaro ba ya ɗaukar lantarki, da na zuba da yawa, mita ta nuna layin da na ja ya kusa zama matacce. Na yi ta ragewa kaɗan-kaɗan har na sami inda tawada ba ta kwanta ba, wuta kuma tana wucewa.

Daga nan na kai wa wani mai buga riguna da hulunan kamfe. Ya ɗiga a yatsa, ya murza, ya ce, "Malam, wannan ai ruwa ne, raga za ta zubar." Gaskiyarsa. Injin feshi, wato firinta mai fesa tawada a kan takarda, yana son tawada mai ruwa-ruwa da ɓarɓashi ƙanana don kada hancinsa ya toshe, bugun raga kuwa, inda ake tura tawada ta cikin raga zuwa kan riga, kauri yake so kamar kunun tsamiya da ya huce. Ga hunturu, tana bushewa a kan raga kafin a ja na biyu. Shi ya ce mu riƙa bugu da sassafe, muna goge ragar da jiƙaƙƙen ƙyalle.

A gwaji na tara muka buga layi biyu a kan kwali, na haɗa batir da ɗan ƙwan fitila. Ya kawo haske ja, dishi-dishi. Na lanƙwasa kwalin, bai mutu ba. Mai shagon ya kira yaransa su zo su gani, sannan ya tambaye ni nawa lita za ta kama in zai saya. Lissafin da nake kai ke nan yanzu.