Sunan dajin Kamuku da kiran da ban manta ba

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki a gidan rediyon da na shafe shekara bakwai ina gabatar da shirin tarihin garuruwa. Cikin duk shirye-shiryen da na yi, na dajin Kamuku ne har yau yake ci mini rai.

Lokacin ina sabon hannu aka tura ni Birnin Gwari. A tasha wani direba ya ce mini sunan dajin daga "kamu" ya samo asali, wai zamanin farautar bayi duk wanda ya shiga cikin itatuwan doka da majen nan kama shi ake yi. Labarin ya yi mini daɗi a kunne, ban sake tambayar kowa ba. Na haɗa shi da abin da na samu a takarda: cewa a 1936 En'e ta Birnin Gwari ta keɓe wurin ya zama gandun daji, a 1999 ya koma hannun gwamnatin tarayya, kuma yana iyaka da dajin Kuyambana na Zamfara. Waɗannan duk gaskiya ne, su ne ma suka sa ƙaryar ta shige ba a gane ta ba. Shugaban sashenmu ya karanta rubutun da jan biro, ya sa hannu a ƙasa.

Shirin na fita, wani dattijo ya kira daga wajen Tegina. Muryarsa a sanyaye take, da ma faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Ɗana, kai ne ka yi maganar Kamuku?"

"Ni ne, Baba."

"To ni Bakamuke ne, ubana Bakamuke, kakana Bakamuke. Muna nan a Rafi da Mariga, da harshenmu da duwatsunmu. Sunanmu dajin ya ɗauka, yadda Birnin Gwari ya ɗauki sunan Gwarawa. Yau jikokina suna zaune suka ji ka ce babu mu."

Na rasa ta cewa, sai haƙuri kawai nake ta maimaitawa.

Washegari a taro, shugaban nan ya ce rubutun bai taɓa biyowa ta teburinsa ba. Na ce, "Yallaɓai, ga sa hannunka." Ko kallon takardar bai yi ba. Ni aka ba takardar tuhuma. Na roƙi minti biyu in gyara maganar a iska, ya ce tasha ba ta ƙaryata kanta. Wannan hanin ya fi tuhumar zafi, kuma ban yafe shi da sauƙi ba.

Ku da za ku gaji shirin: asalin suna a bakin masu shi ake nema, a kuma ji daga mutum uku. Ku riƙa ajiye kwafin duk rubutun da aka sa wa hannu.

Sai bayan an canja masa sashe na samu na yi shiri guda a kan Kamukawa, dattijon nan ne ya buɗe shi da gaisuwa cikin harshensu.